Surukina zai sayar mini da tsohuwar Patrol, ina jin nauyin kai ta wurin makanike

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda da iyalina, ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani. Idan sanyi ya shigo, abokan aikina kan fita jeji a ƙarshen mako, wajen Usfan ko rairayin Bahra, su kwana can, ni kuwa kullum a motar wani nake raɓewa. Yanzu yayan matata da ke Makka ya ce zai sayar mini da Nissan Patrol ɗinsa ƙirar 2002 a kan riyal 22,000. Ya ce don ni ne, da wani ne ba zai sallama ƙasa da 28,000 ba. Ina da 12,000 a ajiye, cikon sai na sayar da Accent ɗin da nake zuwa aiki da ita. Istimarar motar, wato takardar rajistarta, ta ƙare tun bara, kuma har yanzu da sunan wani Balarabe da ya taɓa yi wa aiki take. Ya ce wannan ba matsala ba ce, mutumin kirki ne. Na so in kai ta wurin makanike a duba, amma ina jin nauyi, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Da na tambayi matata sai ta ce in yi abin da na ga ya dace, ba ta ƙara komai ba. Me ka gani?

Wani ɗan'uwa, Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara rufin asiri.

Jin nauyin nan da ka ambata shi ne zai fi ci maka kuɗi, fiye da kowane ƙarfe da ke jikin motar. Idan a hannun baƙo ka sayi mota ta lalace bayan wata biyu, za ka yi ƙorafinka a majalisa, ka gyara ko ka rabu da ita, magana ta wuce. Idan ta surukinka ce ba ka da bakin magana. Haɗiyewa za ka yi, ka riƙa zuwa gaishe shi ranar Sallah da abu a ranka, shi ma ya san akwai abu, matarka kuma tana tsakiya ba ta san wanda za ta ba haƙuri ba. Kunyar minti goma ta cewa "Yaya, bari a duba ta" ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma addini bai bar ka kai kaɗai da wannan nauyi ba: mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin abin da yake sayarwa, kuma Manzon Allah (SAW) ya rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayani daga ɓangarorin biyu. Ba na zargin surukinka da ɓoye komai. Wanda ya daɗe da mota yakan saba da ciwonta har ya daina ganin ciwo ne. Ƙarar da za ta tayar maka da hankali shi kunnensa ya daɗe da daina jin ta.

Amsar matarka kuwa, kada ka ɗauke ta a matsayin amincewa. Ba za ta kushe kayan yayanta a gabanka ba, kuma ba za ta tura mijinta cikin abin da take shakka ba, shi ya sa ta mayar maka da maganar. Kada ka matsa mata ta zaɓi gefe. Abu ɗaya za ka iya tambayarta cikin hira: ta taɓa jin matar Yaya tana cewa ba su samu zuwa wani wuri ba saboda motar tana gareji? Irin wannan labarin yakan fi zama a wurin mata.

Yanzu takardu, domin su ne za su iya kashe maganar tun ba a buɗe bonet ba. A ƙasar nan mota ta wanda sunansa ke kan istimara ce. Ke nan a idon Muroor, hukumar kula da motoci da tituna, surukinka ba shi da motar da zai sayar maka, Balaraben nan ne mai ita, shi ne kuma zai sa hannu a sauya suna, ko ta Absher, manhajar harkokin hukuma, ko ta wurin masu sayar da motoci da ke da izinin yin hakan. Ba a sauya sunan sai istimara tana da rai, motar ta ci fahas (gwajin lafiyar mota na hukuma), an yi inshora da sunan mai saye, an kuma biya tarar da ke kai. Na yarda mutumin kirki ne. Amma mutumin kirki yana rasuwa, motar ta shiga lissafin gado, ka koma bin magada ɗaya bayan ɗaya. Mutumin kirki yana iya cin bashi a tsayar masa da harkokinsa na hukuma, sauya sunan ya maƙale. Kafin nan ma, duk tarar da kyamarar Saher ta ɗauka sunansa za ta tafi, idan an yi hatsari ma'aikacin Najm, kamfanin da ke zuwa duba hatsari, sunansa zai gani, kuma idan aka tsayar da kai a shingen bincike na Shumaisi da ke hanyar Makka kana tuƙa motar wani ba tare da tafwid, wato izinin mai motar a hukumance, ba, kai za ka yi bayani. Ka biya 22,000 a wannan hali, ka yi cinikin biri a sama.

Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce, me ya hana surukinka mayar da ita sunansa duk shekarun nan? Amsa biyu na fi zato. Ko dai motar ta kasa cin fahas aka yi ta ɗaga maganar, ko kuma ƙa'idar nan ce da ta taƙaita wa baƙi masu iƙama (takardar zama) mallakar mota mai kujera bakwai zuwa sama, sai mai iyali da yawa. Idan ta biyun ce, kai ma tana iya shafar ka, don haka ka duba adadin kujerun da aka rubuta a istimarar, ka tabbatar a Muroor cewa za ta hau sunanka tun kafin ka sa rai. Ka kuma karɓi lambar shasin ka sayi rahoton Mojaz. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma yana nuna hannu nawa motar ta bi, hatsarin da aka rubuta a kanta, da abin da mitar kilomita ta nuna a baya. Fahas kansa kada ka ba shi girman da ba shi da shi. Birki, fitilu, hayaƙi, tayoyi da ƙarƙashin mota yake dubawa don ta hau titi lafiya. Ba zai gaya maka injin zai tafasa a kan tudun yashi ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne sayar da Accent. Motar neman abinci ce za ka bayar don ka sayi motar shaƙatawa. Har ƙarshen 2015 litar fetur 91 halala 45 ce, ƙasa da rabin riyal, a lokacin babu mai tambayar abin da Patrol take sha. A Janairun 2018 ta koma riyal 1.37, tun Yulin 2021 kuma aka tsayar da ita a 2.18. Ka ƙaddara kana cin kilomita 60 a rana tsakanin gida da wuraren aiki, kwana 26 a wata, kilomita 1,560 ke nan. Tsohuwar Patrol mai injin 4.5 ko 4.8, a cunkoson Jidda da sanyi a kunne, ka lissafa mata lita 20 a kowace kilomita 100: lita 312, wajen riyal 680. Accent ɗinka a kan lita 8 ba za ta kai riyal 280 ba. Riyal 400 ke nan a kowane wata, har a watannin da zafi ba zai bar kowa ya leƙa jeji ba. Ranar da ta kwana a gareji kuma, da me za ka je aiki? Idan ba za ka iya riƙe motocin biyu ba, ra'ayina lokacin sayen wannan bai yi ba tukuna.

To a ce takardu sun gyaru, ka kuma samu hanyar da ba sai ka sayar da Accent ba. Ga yadda za ka dube ta.

Ka je da sassafe, ka roƙe shi kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ka buɗe bonet ka ɗora tafin hannu a kan injin ka tabbatar da sanyinsa, don injin da ya yi ɗumi yana ɓoye abubuwa da yawa. Tun tana sanyi ka buɗe murfin lagireto (kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi). Ruwan ya kamata ya zama mai launi, kore ko ja. Idan ka ga ruwan famfo mai tsatsa, an daɗe ana ƙara mata ruwa, akwai inda yake tafiya. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka juya shi ka dubi cikinsa: idan akwai wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, ruwa yana haɗuwa da mai. Sai a tayar, kai kana tsaye a baya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana cin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi ɗumi, ga kuma kumfa tana tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, wannan gasket ne, wataƙila har da kan injin. Injin Patrol na wannan zamanin yana da juriya ƙwarai, sarƙa ce ma ke juya shi a ciki maimakon bel, amma zafi ba ya raga masa, kuma jeji zafi ne zalla: giya ƙasa, injin yana ihu, motar ba ta gudun da iska za ta shiga ta sanyaya shi. Ka bar ta a tsaye da sanyi a kunne minti ashirin kana kallon allurar zafi. Idan Yaya zai yarda ku hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if, tunda a Makka motar take, babu jarrabawar da ta fi wannan hawan.

Bayan injin sai ƙarƙashi, kuma nan ne ainihin motar take. Fenti mai ƙyalli bai dame ni ba, kujera a yage ma bai dame ni ba. A ɗaga ta sama a gareji, ka shiga da tocila tare da makanike, ku bi shasin daga gaba har baya. Kuna neman sabuwar walda, wurin da aka shafa baƙin fenti ko kwalta shi kaɗai alhali kewayensa duk ƙura ce, da tsagewa kusa da inda sifirin da shokozoba suke zama. Matasan ƙasar nan suna son Patrol mai 4.8 don hawan tudun yashi da tsalle, motar da aka yi tsalle da ita kuwa difrans ɗin gaba yakan lanƙwashe. Ka tsaya nesa kaɗan a gabanta ka dubi tayoyin gaba: idan samansu ya karkata ciki, ko gefe ɗaya na tayar ya cinye ya bar ɗayan, ka sa alamar tambaya. Ka leƙa bayan kowace tayar gaba, inda ƙarfen nan mai kama da ƙwallo yake juyawa da sitiyari. Ɗan maiƙo ba komai, amma mai yana tsiyaya yana kama ƙasa aiki ne ke jiran ka. A kan titi kuma ka kai ta tsakanin 80 da 100, ka ji ko sitiyarin yana kakkarwa a hannunka.

Kada ka manta motar yankinmu ce. Iskar teku tana cin ƙarfe, kuma Jidda ta ga ambaliya a Nuwamban 2009, da Janairun 2011, da kuma 24 ga Nuwamban 2022, ranar da aka auna ruwan sama milimita 179 cikin 'yan sa'o'i a kudancin gari. Motoci da yawa sun nutse aka wanke su aka sayar, kuma ƙirar 2002 ta rayu a duk waɗannan shekarun. Ka ɗaga kafet ta ƙarƙashin kujera ka shafa, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin ruwa ko busasshiyar laka, ka dubi ƙarafan da kujeru ke gudu a kai ko sun yi tsatsa. Wayoyin motar da ta sha ruwa ba sa mutuwa rana ɗaya, ɗaya bayan ɗaya suke yi.

Sai dabal, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, abin da saboda shi kake son motar. Abin mamaki, mutane da yawa suna sayen jif ba su gwada shi ba, wasu motocin kuwa an yi shekaru ba a taɓa ƙaramar giyar nan ba har ta ƙage. Ku sauka daga kwalta ku samu fili mai ƙasa ko tsakuwa, don irin wannan motar ba a juya ta da dabal a kan busasshiyar kwalta. Idan tayoyin gaba masu makulli ne a cibiya, a kulle su. Ka sa 4H, dabal na gudu, ka yi tafiya, ka tsaya, ka sa 4L, dabal na ƙarfi. Ya kamata ta shiga ba da kokawa ba, ta riƙa rarrafe da ƙarfi, kada giyar ta fito da kanta idan ka taka ko ka saki mai. Fitilar da ta kama a gaban direba ba hujja ba ce. Wani ya tsaya a waje ya ga tayoyin gaba suna haƙar ƙasa da idonsa.

Makaniken kuma naka ne za ka kai, wanda ba su san juna da surukinka ba, ka biya shi kuɗin dubawa, ya rubuta maka abin da ya gani da kuɗin gyaran kowanne.

Ko da ta tsallake duk wannan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta haura shekara ashirin za ta nemi kuɗi a watan farko: a sauya baƙin mai da na giya da na difrans gaba da baya, robobin ruwa, fanbel, wataƙila lagireto da batir. Tayoyi ka karanta shekarunsu a gefe, lambobi huɗu ne a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar a zafin ƙasar nan, ko zanenta yana nan daram, ba ta jeji ba ce. Daɗin Patrol da Land Cruiser shi ne kayansu ba sa wuya, daga shagunan Sina'iyya, unguwar makanikai, har tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, kuma kowane makanike ya san cikinsu. Duk da haka ƙa'idata ita ce kada kuɗin sayen ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da ke hannunka. Kai kuwa lissafinka ya nuna za ka shiga motar aljihu wayam, inshorar dole kuma motar wanda ka buga take gyarawa, ba taka ba.

Da za ka tambaye ni wace mota ta dace da mai son kai iyali Usfan su shimfiɗa darduma su dafa shayi, da na ce ba sai mai injin 4.8 ba. Pajero takan fi sauƙin kuɗi a Haraj, kasuwar motocin hannu, kuma ta ishi wannan aikin, sai dai ka tambayi yaushe aka sauya mata bel ɗin cikin injin. Land Cruiser ba ta faɗuwa a kasuwar ƙasar nan, don haka idan ka ga wadda aka karyar da kuɗinta sosai, akwai dalili.

Kuma raɓewar nan da kake yi a motar abokai ba abin kunya ba ce, makaranta ce kyauta. A sanyin bana ka sa kuɗin mai, ka roƙi a ba ka sitiyari, ka koyi rage iskar taya zuwa wajen PSI 15 kafin shiga yashi da mayar da ita kafin hawa kwalta, ka koyi ɗaga ƙafa daga mai da zarar mota ta fara nutsewa maimakon ka ƙara haƙa wa kanka rami. Mutanen da 'yan sa-kai irin na ƙungiyar Injad suke fita nema a jeji, sau da yawa mota ɗaya ce ta shiga ita kaɗai, ta kafe ko ta lalace inda babu sabis, mai ita ya bar ta ya kama tafiya a ƙasa. Ko sabuwa fil ka saya, mota biyu ake shiga, da ruwa mai yawa, shebur, igiyar ja, famfon iska da katakon ɗora jak, kuma wani a gida ya san inda kuka nufa da lokacin dawowarku.

Saura yadda za ka faɗa masa. Kada ka yi ta waya, kada kuma ka aiki matarka. Ka je Makka da kanka, ku gaisa, ka yi masa godiyar ragin da ya yi maka, sannan ka ce: "Yaya, ina son motar, amma tanadin gida ne gaba ɗaya zan sa. Ina so a fara sabunta istimara a yi fahas, a ga ko za ta hau sunana, sannan mu kai ta a ɗaga a duba tare da kai, ni zan biya. Ba na son wani abu ya taso gobe ya shiga tsakaninmu." Babba mai hankali zai ji daɗin wannan magana, don shi ma ka sauke masa nauyi. Idan makanike ya fito da gyara, kada ka tsaya taya ta kamar a Haraj, ka miƙa masa takardar kawai ka bar shi ya faɗi abin da zai rage. Idan kuwa ya ɓata rai, ko ya ce wani yana jira da kuɗi a hannu, ka ce masa Allah ya sa albarka, ya sayar wa wancan a kan 28,000 ɗin, kai ba za ka so ya yi asarar 6,000 saboda kai ba. Ba ka ce motarsa ba ta da kyau ba, kuma ba ka saya ba.

Idan komai ya tafi daidai har aka kai ga biya, ku rubuta farashin da abin da aka yarda kowa zai ɗauka na tara da sabunta takardu, mutum biyu su shaida. Kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa. Kuɗin ka tura ta banki, a ranar da ka buɗe Absher ɗinka ka ga motar a ƙarƙashin sunanka.